Waswasi Tsakanin Littafin Fiƙihu Da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, na Gidan Rumji da Tibiri, da na Agye da Gazawa da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya a sami masallacin da ya rasa irin mutumin da zan siffanta muku. Shi ne wanda ke tsugunawa da buta tun ladan bai rufe baki ba, amma har a tada iƙama yana kan wankin hannu. In ya shiga sahu ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya sauke, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, har liman ya tafi ruku'u. A cikin gidaje akwai ƴar'uwarsa, wadda ke ƙarar da jarkar ruwa guda a wankan tsarki, ta fito tana kokwanto ko ruwan ya taɓa bayan kunnenta. Akwai kuma wanda ba a ganin komai a jikinsa, amma kalmomin saɓo game da Allah da Manzonsa suna faɗo masa a zuciya ba da sonsa ba, yana maimaita kalmar shahada a ɓoye sau ɗari a wuni, yana zaton ya riga ya fita daga Musulunci. Yara na yi wa na farko dariya, miji na yi wa ta biyu faɗa kan kuɗin ƴan garuwa, na ukun kuwa babu wanda ya san halin da yake ciki.

Likitocin Larabawa na yau suna kiran wannan cuta alwaswasul ƙahri, wato waswasin da ke rinjayar mutum bisa tilas. A asibitocinmu za ku ji an ce TOC, a ƙetaren iyaka kuma a ce OCD. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 2 cikin 100 ke gamuwa da ita a tsawon rayuwa, kuma galibi tana farawa ne tsakanin ƙuruciya da farkon samartaka. In muka ɗauki wannan ƙiyasi, masallacin Juma'ar da ke tara mutum 500 ba zai rasa kamar goma ba. Ina so in bi da ku ta hanyar da ilimin wannan cuta ya biyo, tun daga Madina har ɗakunan binciken ƙwaƙwalwa, domin hukuncin da muke karantarwa a zaure da abin da na'ura ta gani sun haɗu a wuri ɗaya, kuma mai fama da ita yana da haƙƙin ya sani.

Tun zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, aka kawo ƙarar wannan damuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kai masa kukan mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi yana cikin salla, sai ya hana shi barin sallar har sai ya ji sauti ko ya shaƙi wari. Ku dubi hikimar amsar. Ya ɗauke hukunci daga abin da zuciya ke rayawa, ya ɗora shi a kan kunne da hanci, gaɓɓan da waswasi bai iya yi musu ƙarya da sauƙi. Muslim ya kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun zo suna cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, sai ya ba su labarin cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ga kuma ma'aunin da ya bar mana a aikace: Anas ya ce yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Butar da ke hannunka ta fi ƙarfin alwalar mafificin halitta.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya su ne suka ba wannan mutum suna a cikin fiƙihu. Sun kira shi mustankihi, wanda shakka ta aure shi, ta tare a gidansa ta ƙi fita. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, daidai da 996, ya raba masu rafkanwa gida biyu. Mutum na yau da kullum in ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya gina a kan abin da ya tabbata, ya kawo wadda yake kokwanto. Wanda shakka ta aura kuwa, hukuncinsa ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai sujada bayan sallama. Shehu Halil, mai Muhtasar, wanda ya rasu a Masar a 776, daidai da 1374, ya kai abin ga alwala. Kun sani a mazhabarmu shakkar warwarewar alwala tana warware ta, kuma wannan tsanani ne da sauran mazhabobi ba su ɗauka ba. Amma a nan take Halil ya toge mustankihi, ya fitar da shi daga wannan hukunci. Masu sharhi irin su Shehu Dardiri suka sa masa iyaka bayyananna: wanda shakka ke zo masa kowace rana, ko da sau ɗaya ne.

Ba sai ka kai Muhtasar za ka gamu da wannan ba. Ahalari, ɗan ƙaramin littafin da Shehu Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16, wanda kowane almajiri a ƙasar Katsina da Gobir ke ɗauka bayan Ƙawa'idi, ya faɗe shi ƙarara a babin ƙabli da ba'adi: mai waswasi ya bar waswasinsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi ba'adi kawai, ko shakkar ta ƙari ce ko ta ragi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake wuce wannan layi da gudu a zaurukanmu. Malami zai kwashe mako yana bayanin abubuwan da ke warware alwala, ɗaya bayan ɗaya, ya tsorata yara da wuta, sannan ya karanta togaciyar mustankihi cikin numfashi guda ya rufe littafi. Yaron da Allah ya jarraba da wannan cuta ya haddace dukan ƙofofin ɓaci, ƙofar fita ɗaya tak da aka buɗe dominsa kuwa bai ji ta ba.

Yayin da malaman fiƙihu ke tsara hukunci, wani malami a gabashin duniyar Musulunci yana tambayar daga ina abin ke tasowa. Shi ne Abu Zaidin Albalhi, mutumin yankin Balh da ke cikin Afganistan ta yau, almajirin Alkindi, wanda ya rasu a 322, daidai da 934. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya ware babi guda domin waswasin ƙirji da zancen zuci. Ya bayyana mutumin da wani tunani mai ban tsoro ke maƙale masa, ya hana shi jin daɗin abinci da iyali da sana'a, alhali abin da yake tsoro nesa yake da aukuwa. Da ya zo kan sababi sai ya ambaci biyu. Akwai ruɗin shaiɗan kamar yadda addini ya ba da labari, akwai kuma ɗabi'ar jiki da aka haifi mutum da ita, inda ya ɗora laifin a kan rinjayen sauda'u, ɗaya daga ruwayen jiki huɗu da likitancin wancan zamani ya ginu a kansu. Zancen sauda'u ya faɗi tuntuni, babu likitan da ke aiki da shi yau. Amma abin da ya hango, cewa cutar tana da gindi a cikin jiki kuma ana iya gadonta, ya tabbata. Maganin da ya bayar kuwa har yau ba a zubar da shi ba: kada mai waswasi ya kaɗaita, kada ya zauna babu aiki, kuma ya riƙi amini mai hankali wanda zai riƙa nuna masa ƙaryar abin da zuciyarsa ke raya masa. Littafin ya daɗe a kwance a ɗakin ajiyar littattafai na Ayasofiya a Istanbul, har Fu'ad Sezgin ya buga hotonsa a 1984, sannan malamin nan ɗan Sudan, Malik Badri, ya fassara sashen da ya shafi rai zuwa Ingilishi a 2013.

Malaman Bagadaza da Sham na bayansa sun fi zafin harshe. Ibnul Jauzi ya kawo labarin wani da ya zo wurin Ibn Aƙil Alhambali, wanda ya rasu a 513, ya ce yana nutsewa cikin kogi sau da yawa amma ya fito yana shakkar ko wankansa ya yi. Ibn Aƙil ya ce masa ya tafi, salla ta faɗi a kansa, domin an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. A ganina girgiza shi ya so yi don ya farka, domin mai waswasi ba mahaukaci ba ne, kuma salla ba ta faɗuwa a kansa. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 620, ya rubuta ɗan littafi sukutum kan zargin masu waswasi, Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa shi a Igasatul Lahfan. Akwai amfani mai yawa a cikinsu, sai dai wanda cutar ta riga ta kama kada ya fara da su. Mutumin da ke zargin kansa dare da rana bai buƙatar a ƙara masa zargi.

Kada ka zaci mu kaɗai abin ya sama. Malaman Kirista na Turai sun yi ta fama da mabiyansu masu maimaita iƙirarin zunubi ɗaya ba iyaka, kuma su ma maganin da suka tsaya a kai shi ne mutum ya bi umurnin jagora guda ya daina tono. A 1838 likitan Faransa Esquirol ya rubuta labarin wata mace ƴar kasuwa da ke tsoron kada kuɗin wani su maƙale a yatsunta ko tufafinta, tana kakkaɓe riga tana goge hannu na sa'o'i, kuma da bakinta tana cewa ta san abin babu ma'ana. Wannan babu alwala a cikin nata, amma cutar ita ce dai. Faransawa suka raɗa mata suna haukan shakka. A 1877 Westphal na Balin ya nuna cewa hankalin irin waɗannan mutane lafiya lau yake, tunanin ne ke kutso musu suna ƙinsa. Ashe cutar takan duba abin da ya fi tsada a wurin mutum ta kama shi ta nan. Ɗan kasuwa ta kama shi ta amana, mai jego ta kama ta ta tsoron cutar da jaririnta, mai salla ta kama shi ta tsarki da niyya.

Wata annoba ce ta fara nuna inda cutar ke zaune. A 1917 wani likita a Biyana, von Economo, ya siffanta wani kumburin ƙwaƙwalwa mai jefa mutane cikin barci mai nauyi, wanda ya yaɗu a duniya kusan shekara goma. Cikin waɗanda suka tashi, an ga wasu sun koma suna ƙirge-ƙirge da maimaita motsi da kalmomi ba da sonsu ba, alhali da can ba su da wannan hali. Da aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu sai aka tarar ɓarnar ta taɓa wasu ƙulle-ƙullen jijiya da ke can ƙarƙashi, a tsakiyar kai. A 1981 likita Laplane na Faris ya ba da labarin wani mutum da rina ta harba, dafin ya lalata masa irin waɗannan ƙulle-ƙulle, ya warke ya koma yana ƙirga lambobi a zuci ba ya iya tsayawa. A ƙarshen shekarun 1980 kuma, Judith Rapoport da Susan Swedo a Amurka suka lura da yaran da ciwon maƙogwaro ya jawo musu zazzaɓin gaɓoɓi da fizge-fizgen jiki, suka ga da yawansu waswasi na taso musu tare da fizgar. Wannan ya shafe mu kai tsaye: yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan ƴan makonni hannunsa ya fara fizga, halinsa ya sauya farat ɗaya, asibiti ya kamata a fara kai shi, domin irin wannan zazzaɓi yana iya taɓa zuciya.

Sai a 1987 aka ga abin a ƙwaƙwalwar mai rai. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta sukari ne. Lewis Baxter da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka sa wa masu cutar sukari mai alama a jini, suka bi shi da na'ura don su ga inda ya fi ƙonewa. Sai ga wurare na ci kamar wutar kara: ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa da ke bisa gurbin ido, da wani ƙulli mai lanƙwasa da ake kira kodet, wato mai wutsiya, ɗaya daga ƙulle-ƙullen nan da annoba da dafin rina suka nuna.

Bari in kusanto muku da shi da misalin fada. Ɓangaren da ke bisa ido shi ne mai kawo ƙara. Aikinsa ya ce akwai abin da bai yi daidai ba: ƙofa a buɗe take, hannu da ƙazanta, an tsallake raka'a. Ni'ima ce, don ba domin shi ba da mun bar yara kusa da rijiya. Mai wutsiya shi ne dogarin bakin ƙofa, mai tace ƙararraki, ya shigar da mai nauyi, ya sallami maras tushe. Abin da ya wuce dogari sai ya isa wani zaure a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, shi kuma ya mayar da saƙo gaba cewa a ɗauki mataki. Ga mai lafiya, da ya wanke hannu sai dogari ya rufe ƙofa, ya ji a ransa cewa an gama, ya wuce ga fuska. Ga mai waswasi ƙofar ba ta rufuwa da kyau. Ƙara ɗaya ta shiga, ta zagayo, ta sake shiga. Idonsa ya ga ruwa ya game hannu, iliminsa ya san alwala ta yi, amma natsuwar nan ta "an gama" ba ta sauko ba. Don haka in ka ce masa "ai ka wanke", ba ka gaya masa sabon abu ba. Ya sani. Ji ne bai ji ba.

Ta fuskar sinadari kuwa, labarin ya faro daga wani magani. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, da aka ƙiyasta sun kai miliyan dubu 86, ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata, kuma saƙo na tsallaka shi ne ta hanyar wani ruwa da ta farko ke fesawa, ta biyu ta karɓa, sannan ta farkon ta tsotse ragowar. Ɗaya daga waɗannan ruwaye shi ne sirotonin, wanda aka ware daga jini a 1948, aka same shi a ƙwaƙwalwa a 1953. A 1967 wasu likitoci biyu a Sifen, Fernández Córdoba da López-Ibor, suna ba masu ciwon baƙin ciki wani sabon magani mai suna kulomifiramin, wanda ake sayarwa da sunan Anafranil, sai suka lura waswasin wasunsu ya lafa. Da aka gwada shi da ƴan'uwansa magungunan baƙin ciki, sai aka ga waɗanda ke hana tsotse sirotonin ne kaɗai ke taɓa waswasi, sauran ba su yi. Daga nan aka samu na bayansa masu sauƙin illa, irin su fuluwoksetin.

A nan sai a yi hattara, domin za ku ji masu cewa waswasi ƙarancin sirotonin ne kawai. Ba a tabbatar da haka ba. Don ruwa ya kashe gobara ba ya nufin rashin ruwa ne ya tada ta. Maganin yana ɗaga sirotonin cikin sa'o'i, amma sauƙin ba ya bayyana sai bayan mako 8 zuwa 12, alamar cewa jijiyoyin ne ke sake daidaita kansu a hankali. Kuma kusan rabin masu shansa ne ke samun sauƙi bayyananne. Masu bincike yanzu suna duban gulutamet, wanda shi ne babban mai kunna saƙo a wannan da'ira, da dofamin mai hannu a kafuwar al'ada. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da kaso mai kauri, kusan rabi, sauran kuma daga abin da rayuwa ta kawo ne, kamar firgici, ko haihuwa, ko tarbiyyar tsoratarwa. Hoton ƙwaƙwalwar ma na bincike ne. Likita ba ya buƙatarsa kafin ya gane cutar, da tambaya yake gane ta.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau. A 1966, wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya karɓi mata biyu da magunguna suka gaza a kansu, ɗaya mai wanke-wanke, ɗaya mai tunanin saɓo game da addininta. Ya sa su fuskanci abin da suke tsoro, ma'aikata na tare da su suna hana su yin abin da suka saba yi don samun sauƙi. Tsoro ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauko da kansa ba tare da an wanke komai ba. Da aka maimaita kwana da kwanaki sai ya daina hawa kamar da. Dalilin a fili yake. Duk lokacin da mai waswasi ya sake alwala yakan ji sanyi na ɗan lokaci, kuma wannan sanyin ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa ƙarar gaskiya ce, gobe ta kawo ta da ƙarfi. Maimaitawa ita ce abincin cutar. A 1992 Baxter da Jeffrey Schwartz suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu da aka ba fuluwoksetin da wasu da aka yi wa wannan horo babu ƙwaya ko ɗaya. A ɓangarorin biyu, waɗanda suka samu sauƙi wutar mai wutsiyarsu ta ragu. Ƙin amsa kiran shakka, shi kaɗai, ya sauya aikin naman ƙwaƙwalwa.

To ka koma ka karanta Risala. Ka kau da kai, babu gyara a kanka. Tsakanin rasuwar Ibn Abi Zaidin da aikin Meyer shekara 970 ne. Ba na cewa malamanmu sun san mai wutsiya ko sirotonin, ba su sani ba. Sun dai zauna da mutane, sun ga wanda aka ce ya sake bai taɓa warkewa ba, sun kuma riƙi asalin da Annabi ya kafa. Abin da muka ɗauka rangwame ne ga mai rauni, ashe magani ne.

Wani zai ce, malam, to ina shaiɗan? Yana nan inda Alƙur'ani ya ajiye shi, kuma surar ƙarshe ta Mus'hafi neman tsari ce daga gare shi. Usman ɗan Abil As ya kai kukan wanda ke rikita masa karatu a salla, Annabi ya gaya masa sunansa Hinzab, ya koya masa neman tsari. Sanin hanyar da abu ke bi a jiki ba ya kore abin da ke bayan labule, kamar yadda sanin sauro bai kore ƙaddara a zazzaɓi ba. Ruwan sama ɗaya ne ke sauka a gari, amma ɗakin da rufinsa ya tsage shi ke yoyo. Mugun tunani na ratsa zuciyar kusan kowa, wannan ma an bincika an tabbatar, sai dai ga mafi yawa yakan wuce kamar ƙurar hanya. Mai tsagaggen rufi zai nemi tsari, kuma zai nemi magini. Amma neman tsarin sau ɗaya ne a wurinsa. Wanda ya mayar da ta'awwuzi ko tofi abin maimaitawa har sai ya ji daidai, ya canza wa cutar riga ne kawai.

A ƙasarmu ta Maraɗi, inda bori ya daɗe da kafuwa kuma masu ruƙiyya suka yawaita, mai wannan cuta yakan zaga gidaje da yawa kafin ya ji sunanta. A ce iska ce, a yanka akuya. A ce sammu ne, a sayar da buhun gero ko ɗan abin da aka samu a gujiya. Mafi muni a ɗaure shi ko a doke shi da sunan fitar da aljani, alhali mutum ne mai cikakken hankali da tsoron Allah ya yi masa yawa ta hanyar da ba ta dace ba. Ruƙiyya da ayoyin Allah halas ce, duka kuwa zalunci ne ko wa ya yi shi. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, kuma sashen da aka fi sani, Pavillon E na babban asibitin Yamai, sunansa kaɗai na sa mutane ja da baya don gudun a ce sun haukace. Amma ba daga can ake farawa ba. Ka fara da CSI na garinku ko asibitin gunduma, ka faɗi abin da ke damunka ba tare da kunya ba, su tura ka Maraɗi in da bukata. Kulomifiramin da fuluwoksetin duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba sa bugarwa. Sai dai likita ne ke rubuta su, ya auna, ya bi ka. Kada ka saye su a tiren ƴan talla ranar kasuwa, inda tiramol ya riga ya cinye mana samari, kada kuma ka yanke su rana ɗaya don ka ji sauƙi.

Kai kuma da ka ga kanka a cikin wannan rubutu, in shakka na zo maka kullum, to kai ne mustankihin da littafi ya ambata, kuma hukuncinka shi ne naka, ba na maƙwabcinka a sahu ba. Zuba ruwan alwalarka a ƙaramin kofi, in ya ƙare ta ƙare. Gaɓar da ka wuce ba ka komo mata. Kabbarar harama ɗaya ce, kuma tsayuwarka a sahu ka san sallar da ka zo yi ita ce niyya. In shakka ta zo a tsakiyar salla ka ɗauka ka cika, ka yi ba'adi, ka tashi. Taɓon damina da ya fantsamo maka a hanyar masallaci an yafe shi, haka jinin da bai kai faɗin dirhami ba. Kalmar saɓon da ta faɗo maka kana ƙinta ba ta taɓa imaninka ba, ba ta buƙatar sabuwar shahada. Wanda ke shakkar ko ya saki matarsa ko bai saka ba, matarsa tana nan. Za ka ji kamar kana salla babu tsarki, ƙirjinka ya yi nauyi, gumi ya keto. Wannan shi ne hawan da Meyer ya gani, kuma yana saukowa. Kwanakin farko su ne masu wuya. In har ranka ya fara raya maka cewa mutuwa ta fi, kada ka kwana da wannan kai kaɗai, ka gaya wa wani a ranar, a kai ka asibiti.

Iyalansa da ƴan'uwana limamai, namu aikin ya fi kama da rashin tausayi a ido. Zai zo ya tambaye ka ko sallarsa ta yi. Ka amsa masa sau ɗaya, a sarari, da hujja. In ya dawo da tambayar bayan la'asar ta wata fuska, ka ce masa cikin fara'a an riga an amsa wannan, ka ja shi zuwa wani zance. Tambayar malami ma takan zama irin sake alwala, kuma wanda ya yawo da mas'ala ɗaya wurin malamai biyar zai dawo da shakka shida. Matar da mijinta ke sa ta tsaya tana ƙirga masa raka'o'i, ko uwar da ke sake wanke tufafin ɗanta don ya ce an taɓa, su rage wannan a hankali, da shawara da shi, ba da gori ba.

Wanda fitsari ko iska ke fita masa da gaske ba da ikonsa ba, wannan mas'ala ce dabam, sunanta salas, kuma tana da nata hukunci da nata magani. Ita za mu ɗauka a darasi mai zuwa in Allah ya kai mu.